Fitilar shugaba da tsummanki

Tambaya: Ina aikin goge-goge a wani asibiti kusa da Sterling, jihar Virginia. Shugabarmu kan haska wata fitila mai shuɗin haske ta ce ban goge ba, alhali ɗakin tas yake. Ko tsangwamata take yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba tsangwama ba ce. Kafin ki shiga ɗakin, shugabarku takan ɗiga wani ruwa da ido ba ya gani a wuraren da hannu ya fi taɓawa: ƙarfen gefen gado, mariƙin ƙofa, makunnin wuta, maɓallin kiran nas. In tsummanki ya bi wurin da ƙarfi, ɗigon ya tafi. In kin tsallake, fitilar ta tona. Hukumar CDC ta Amurka ta lissafa wannan hanya cikin jagorar da ta fitar a 2010.

Sai dai fitilar ba ta ganin ƙwayoyin cuta, shaidar guga kawai take bayarwa. Akwai gwajin ATP, inda ake shafa auduga a saka cikin na'ura, cikin daƙiƙoƙi ta nuna yawan dattin da ya rage, amma ba ta bambance ƙwaya mai rai da ɓurɓushin abinci. Mai nuna ƙwayar kanta shi ne a raine ta a ɗakin gwaji, kuma wannan sai an jira kwana ɗaya ko biyu.

Shawarata, ki roƙi shugabarku ku zaga tare, ta nuna miki inda ɗigon ya saura. Kuma don Allah kada ki yi saurin tsane maganin guga. Ki bar wurin a jiƙe iya mintocin da aka rubuta a jikin kwalbar.