Injin Gas Mai Ƙarin Ƙarfi: Ko Ya Cancanci Kuɗinsa?

A ƙasar Amurka akwai wata irin a-kori-kura wadda ta fi waɗanda aka saba gani girma ƙwarai. Manoma da masu kiwo da 'yan kwangila su ne suka fi sayenta, domin jan tirelar shanu ko ta kayan gini. Kamfanoni uku ke riƙe da cinikin, watau Ford da Ram da General Motors. Wanda ya je saye sai a tambaye shi ko injin fetur yake so ko na gas. In ya ce na gas, a wasu kantunan sai a sake tambayarsa: na kullum, ko kuwa mai ƙarin ƙarfi? Wannan tambaya ta biyu ita ce za a duba a nan.

Da fari ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu. Akwai ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da inji ke iya yi cikin ɗan lokaci. Akwai kuma ƙarfin murɗawa, watau ƙarfin da inji ke juya tayoyi da shi, kamar yadda makaniki ke danna sifana a kan noti. Shi ne ke tayar da kaya mai nauyi daga tsaye, shi ke kuma riƙe mota a kan hawa. Amurkawa suna auna shi da ma'aunin laba da ƙafa.

A shekarar 2023 kamfanin Ford ya fito da injinsa Power Stroke, mai lita 6.7, iri biyu. Na kullum yana da ƙarfin doki 475, da ƙarfin murɗawa 1,050. Mai ƙarin ƙarfi kuwa doki 500 ne, murɗawa 1,200. Ba wani sabon inji ba ne. An sāke wa famfon cusa iska gida mai sanyaya da ruwa, an sa bututun hayaƙi na ƙarfe marar tsatsa, an kuma gyara yadda kwamfutar motar ke ba da mai. Kuɗin wannan ƙari a shekarar nan dala 2,500 ne, bayan kusan dala 10,000 da mutum ya riga ya biya domin barin fetur ya koma gas. Ke nan ƙarfin doki ya ƙaru da kashi 5 cikin 100 kawai, murɗawa kuma da kamar kashi ɗaya cikin bakwai.

Na Ram ya sha bamban, ya kuma fi nauyi a sikeli. Shi ne ya fara kai murɗawa 1,000 a 2019 da injin Cummins. Daga 2021 mai ƙarin ƙarfi ya kai doki 420 da murɗawa 1,075, na kullum yana 370 da 850. Tazarar ta wuce rubu'i. Har wa yau, a wancan lokacin ba a sa shi sai a babbar motar, Ram 3500, tare da akwatin giya na Aisin wanda aka yi domin aiki mai tsanani, don haka mai saye ya sami giya dabam, ba ƙarfi kaɗai ba. A 2025 Ram ya kashe wannan gardama, ya bar injin gas guda mai doki 430 a motocin biyu. General Motors dā ma iri ɗaya yake sayarwa, Duramax, wanda a 2024 yake da doki 470 da murɗawa 975.

To, ina ƙarin yake amfani? Ford ya yi shelar cewa motarsa F-450 mai wannan inji tana iya jan laba 40,000, wajen tan 18 ke nan. Gaskiya ne, amma sai da gini na musamman: taya huɗu a baya, da maɗaurin tirela a tsakiyar bodi, bisa ƙafafun baya. Direban da ke jan kaya kusa da wannan iyaka kowace rana, yana hawan Duwatsun Roki, lalle zai ji bambanci. Motar ba za ta yawaita sauya giya ba, ba za ta yi ta rarrafe a hawa ba, lokaci kuwa kuɗi ne ga mai ɗaukar kaya da lada.

Amma mafi yawan masu saye ba su kai nan ba, kuma a nan ne kuɗi ke zubewa. Abin da ke tsayar da ƙaramar mota kamar F-250 ba ƙarancin ƙarfin inji ba ne. Sifirin ne, da tayoyi, da birki, da nauyin da aka yarda ta ɗauka, wanda ke rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba. Wani kashi na nauyin tirela yana danne bayan mota, sau da yawa kuwa wannan ma'auni kan cika tun inji bai ko yi gumi ba. Injin gas kansa ya fi na fetur nauyi da labobi ɗaruruwa, yana kuwa cinye wani abu daga cikin abin da motar za ta ɗauka. Ƙarin murɗawa ba ya ƙara ko laba guda a takardar nan. Akwai kuma doka: mai sana'a wanda nauyin da aka ƙayyade wa motarsa da tirelarsa ya kai laba 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, sai ya nemi lasin manyan motoci.

Masu sayarwa sukan ce kuɗin zai dawo ran da aka tashi sayar da motar. Wani abu daga ciki yana iya dawowa, amma ba alkawari ba ne, ba kuwa a gina lissafi a kansa.

Wahalar kulawa dai ɗaya ce ga iri biyun. Dukansu suna shan ruwan yuriya domin tace hayaƙi, suna da matatar toka wadda kan toshe in ana yawan gajeriyar tafiya cikin gari. Kuma an yi su ne domin man gas mai ƙarancin farar wuta, wanda Amurka ta fara tilastawa a 2006, kashi 15 cikin miliyan. Wanda ke nufin shigo da irin wannan mota daga waje, sai ya fara binciken irin man da zai riƙa samu a garinsu kafin ya kai ga maganar doki 25.