Cire Abu Daga Tsakiyar Tsibi: Inda Gizo Ke Saƙa

Wani ɗalibi mai rubuta manhajar tsara ayyuka ya kawo min kuka. Yana ajiye ayyukan a tsarin da masu shirin kwamfuta ke kira heap, mu ce masa tsibi. Komai lafiya lau, amma da zarar an fara soke ayyuka sai manhajar ta kama jan ƙafa.

Tsibi, wanda J. W. J. Williams ya fito da shi a 1964, alkawari ɗaya kawai ya ɗauka: mafi ƙanƙanta na sama, kuma babu uban da ya fi 'ya'yansa biyu girma. A cikin jeri, 'ya'yan gurbi i suna zaune a 2i+1 da 2i+2. Ɗauke na sama ba wuya, ko abubuwa miliyan ɗaya ne, taki kamar 20 ya wadatar. Sai dai tsibi bai san inda sauran suke ba. Shi ya sa PriorityQueue na Java, in ka ce ya cire wani abu, yake bin jerin ɗaya bayan ɗaya yana lalube. Shi kuwa heapq na Python da priority_queue na C++ ko hanyar cirewar ba su tanada ba. Ashe ba cirewa ke cinye lokacin ɗalibin nan ba, nema ne.

Magani na farko shi ne rajista: teburi a gefe, kamar dict a Python, mai riƙe da lambar gurbin kowane abu. Duk sanda biyu suka yi musanyar wuri, a gyara rajistar nan take. In za ka cire, duba gurbin, ɗauko abu na ƙarshe a jeri ka cike gurbin da shi, sannan ka daidaita.

A daidaitawar nan ake yin tuntuɓe. Da yawa sukan tura sabon mai gurbin ƙasa kawai, kamar yadda suka saba yi in sun ɗauke na sama. Dubi wannan jeri: 1, 10, 2, 11, 12, 3, 4. Cire 11. Na ƙarshe 4 ne, ya koma gurbin 11, ƙarƙashin 10. Ba shi da 'ya'ya, ba inda zai sauka, sai ka ɗauka an gama. Alhali 4 ya fi ubansa 10 ƙanƙanta, hawa ya kamata ya yi. Manhajar ba za ta ce uffan ba, sai wata rana aiki ya fito a lokacin da ba nasa ba, ka rasa ta inda aka hau. Gwada duka biyun: in bai sauka ba, a duba ko zai hau. Haka Remove na yaren Go yake yi.

Magani na biyu na ragwaye ne, kuma ba na raina shi. Kada ka cire komai, sa masa alamar an soke, ranar da ya iso sama ka yar da shi. Illarsa, matattu na iya taruwa su cinye ma'adana. Asyncio na Python na sharar tsibinsa in abubuwan da ke jira sun haura 100 kuma fiye da rabinsu sokakku ne. Ka yi koyi da wannan.

Wani nau'in tsibi kuwa, tsibin Fibonacci na Fredman da Tarjan, a takarda ya fi kyau, a aikin yau da kullum wahalar rubuta shi ta fi ribarsa.

In soke ayyuka jefi-jefi ne, ɗauki hanyar alama. In kullum ake sokewa ko sauya fifiko, yi rajista. Kowacce ka ɗauka, rubuta ɗan gwaji da zai zuba lambobi barkatai, ya cire wasu, ya duba kowane uba da 'ya'yansa bayan kowace cirewa, kafin ka miƙa wa kowa manhajar.