Yadda Linux Ke Kulle Bayanai da Sauke wa Furosesa Nauyi

Wayar Android da ke hannun masunci a Baturiya ko ɗan kasuwa a Haɗeja, a kan kanel ɗin Linux take tafiya. Kanel shi ne zuciyar babbar manhaja, shi ke raba aiki tsakanin ƙwayoyin furosesa. Idan ƙwayoyi biyu suka taɓa bayani ɗaya lokaci guda, yana iya lalacewa. Maganin wannan shi ne makulli: wanda ya riga kamawa ya yi aikinsa, saura su jira.

Makulli ma yana da haɗarinsa. A ɗauka masunta biyu ne, ɗaya ya riƙe kwale-kwale yana jiran filafili, ɗaya ya riƙe filafili yana jiran kwale-kwale. Ba mai ƙetare kogi. Haka waya ke sandarewa. Shi ya sa ƙa'ida ta farko ita ce kowa ya kama makullai a jeri iri ɗaya. Ta biyu, wanda ke riƙe da spinlock ba ya barci, domin masu jiransa zagaye suke ta yi suna cin wuta. A 2006 Ingo Molnar ya kawo lockdep, mai gano jerin da ya saɓa tun kafin sandarewa ta auku.

RCU, da ta shiga Linux a 2002, ta bi wata hanya. Masu karanta bayani ba sa jiran makulli. Mai gyara sai ya yi sabon kwafi ya maye gurbin tsohon, sannan ya bar saƙon a goge tsohon bayan duk masu karanta shi sun gama.

Ƙwayar da ta bar saƙon ita ce ke aiwatar da shi, ko da tana hutu sai an tashe ta. Zaɓin rcu_nocbs, da ya zo a 2013, yana miƙa wannan aiki ga wasu ƙananan ma'aikatan kanel. A Linux 6.2 ta 2023 kuma an ƙara damar tara saƙonni marasa gaggawa har kusan daƙiƙa 10 kafin a aiwatar, don batir ya daɗe. Inda sai an biya kuɗi ake cajin waya, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Sai dai jerin saƙonnin ya zama na hannu biyu ke nan, ƙwayar da ke ƙarawa da ma'aikacin da ke cirewa. Don haka dole shi ma a sa masa nasa makullin, kuma ƙa'idojin nan biyu su hau kansa.