Baƙin Bogi A Ƙididdigar Shafin Intanet

Manomin rani a Kura ko Bunkure, wanda ke shayar da fadamarsa da ruwan madatsar Tiga, ya san akwai ciyawa mai kama da shinkafa tun tana ƙarama. Wanda ya ƙirga ta cikin shuka zai sa ran amfanin da ba zai gani a masussuka ba. Irin wannan ruɗu yana aukuwa a ƙididdigar masu ziyartar shafin intanet.

Duk lokacin da mutum ya bi mahaɗi daga wani shafi zuwa wani, kwamfutarsa takan sanar da adireshin inda ya fito. Sai dai ba a tantance wannan bayani. Saboda haka mazambata kan saki manhaja mai rubuta adireshinsu a gurbin, don mai shafi ya gani ya leƙa. A shekarun 2014 da 2015 wani nau'i ya yawaita, wanda ke aika bayanan ƙarya kai tsaye ga Google Analytics ba tare da ya taka shafin ba.

A ɗauka mai sayar da shinkafar Kura ya ga baƙinsa sun ninka. Idan ya ci bashi ya ƙaro kaya, zai tafka hasara, domin manhaja ba ta sayen ko da mudu ɗaya.

Alamominsu uku ne: yawa kwatsam, shafi ɗaya kacal, da rashin daɗewa ko na daƙiƙa. A tace su kafin a yi lissafi, kamar yadda ake cire ciyawa kafin a ƙiyasta amfani.