Idan Yaro Ya Ce Zane Zai Karanta a Jami'a



Darasin wannan Juma'ar ya samo asali ne daga wani zama da muka yi a ofishin masallaci bayan sallar Isha'i, mako biyu da suka wuce. Wani bawan Allah daga cikin 'yan kasuwarmu na nan Legas ya shigo da ɗansa, takardar sakamakon JAMB na bara a hannunsa, ransa a ɓace. Yaron ya ci maki mai kyau, amma bai samu gurbi ba, shekara ta tafi. Da muka duba takardar sai muka ga inda gizo ke saƙa. Yaron zane yake so ya karanta, uban kuma ya ce lissafin kuɗi. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba sai ranar cike fom. A wurin rajistar, yaron ya zaɓi kwas ɗin da yake so, mai buga kwamfuta kuma ya sa masa darussan da uban ya faɗa a waya. Kwas daban, darussa daban. Ba jami'ar da za ta ɗauke shi a haka. Da izininsu muke ba da labarin, domin mun san ba su kaɗai ba ne.

Ba mun zo mu ce kowane yaro mai zane a bayan littafi a tura shi jami'a ya karanta zane ba. Abin da muke cewa shi ne a yi maganar da wuri. Ko e ko a'a, a faɗe ta tun yaro yana aji ɗaya ko aji biyu na babbar sakandare, kuma a faɗe ta bayan an duba abin da idon basira.

Mu fara da sunan abin, domin nan ake fara samun saɓani. Idan yaro ya ce "Baba, zane zan karanta", abin da ke zuwa ran uba shi ne mutumin da ke zaune a gindin gada yana zana fuskokin mutane. To, sashen ya fi haka faɗi. Akwai zanen fenti da sassaƙa, waɗannan su ne aka fi sani. Akwai kuma zanen yadi, akwai aikin yumɓu da tangaran, akwai tsara tambari da kwali da littafi da talla a kwamfuta. Mu da muke kasuwa ai da kayan waɗannan mutanen muke kwana muke tashi. Atamfar da Alhaji ke sayarwa a Balogun, wani ne ya zauna ya fitar da zanenta kafin inji ya buga. Buhun shinkafa, kwalin shayi, ledar omo, allon da ke saman shago, duk sai da wani ya tsara su aka biya shi. Wanda ya taɓa kai aikin kalanda ko katin biki Shomolu ya ga yadda matasa ke zaune gaban kwamfuta suna wannan aikin daga safe har dare.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu ɗinkin aska takwas, masu hula, marinan Ƙofar Mata a Kano, masu zanen bangon gidaje a Zariya, malaman da ke yi wa allo zayyana ranar sauka, duk aikin ido da hannu ne. Bambancin kawai shi ne yanzu an kai shi aji, an sa masa jarrabawa da takardar shaida. Ku ɗauko naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya ɗin nan Ladi Kwali ce. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Tukunya ce ta kai ta kan kuɗin ƙasa.

Makarantun ma ba nesa suke da mu ba. Zariya tana cikin wurare na farko a ƙasar nan da aka fara koyar da zane a matakin gaba da sakandare, tun cikin shekarun 1950, kafin a kafa ita kanta jami'ar a 1962. Yau a ABU akwai sashen zane-zane, akwai kuma sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyon yadi da tangaran da gilashi da zanen talla. A nan ƙofar gidanmu akwai kwalejin fasaha ta Yaba, wadda aka kafa a 1947, makarantarta ta zane da ɗab'i sananniya ce a duk ƙasar. Marigayi Yusuf Grillo, ɗan Legas da ya yi karatunsa a Zariya, ya daɗe yana shugabantar sashen zane a can. Jami'ar Legas tana da nata sashen, haka Ife, da Nsukka, da Benin, da jami'ar fasaha ta Akure.

To, yanzu ga inda aikin iyaye yake.

Abu mafi muhimmanci shi ne darussa, kuma tun a sakandare ake ɗaura su. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, galibi har da lissafi. A JAMB kuma darasi huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kwas ɗin ne ke faɗa, jimillar maki 400. Inda ake faɗawa rami shi ne kowace makaranta da nata sharaɗin. Wata tana so ta ga darasin zane a sakamakon sakandare da kuma JAMB, wata tana ɗaga ƙafa. Sashen tsara kayan masana'antu kuwa, musamman a jami'o'in fasaha, yakan nemi darussan kimiyya irin su lissafi da kemistiri, abin da yaron da ke ajin adabi ba zai taɓa zato ba. Ƙari a kan haka, makarantu da yawa da yaranmu ke zuwa a unguwanninmu ba su da malamin zane a manyan azuzuwa sam. Saboda haka uba ko uwa ko wa ya taka ya je makarantar ya tambaya: kuna koyar da zane har aji uku? Kuna yi wa yara rajistarsa a WAEC? Idan amsar a'a ce, gara a sani yanzu, a san ko za a nemi makarantun da ba su sa shi sharaɗi ba, ko a nema wa yaron wata hanyar rubuta shi.

Duk waɗannan sharuɗɗan suna cikin kundin da JAMB ke fitarwa, makaranta bayan makaranta, kwas bayan kwas, kuma ana iya buɗe shi a waya kyauta. A karanta na shekarar da ake ciki, kada a dogara da abin da ɗan maƙwabci ya yi shekara biyar da suka wuce. A rubuta darussan a takarda tun daga gida, yaro ya tafi da ita wurin rajista, ya karanta abin da aka buga kafin ya tashi daga kujera. Bayan jarrabawa ana iya biyan kuɗi a canza kwas ko makaranta, amma darasin da aka riga aka rubuta ya zauna kenan. Abin da ya ci abokinmu na sama kenan.

Sauran takardun kun san su, sai dai mu tuna. Ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kanta da ranar haihuwa su zo daidai da na WAEC. Muhammadu a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar haihuwa, wannan kaɗai ya isa ya wahalar da yaro wata da watanni. Layin wayar da aka yi rajista da shi kada a yar, kuma kada ya zama na mai shagon kwamfuta. Idan gurbi ya fito, a manhajar CAPS ta JAMB yake fitowa, yaron ne zai shiga ya karɓa da kansa.

Akwai wadda ta shafe mu mu 'yan ci-rani musamman. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa maki zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko. Da jihar asali ake wannan lissafin. Yaron da aka haifa a Agege amma asalinsa Katsina ko Sakkwato ko Jigawa, takardar ƙaramar hukumarsa tana da amfani ƙwarai, kuma sau da yawa damarsa a Zariya ta fi damarsa a nan. A karɓo masa ita idan an je gida da sallah, kada a bari sai ana tantancewa a fara neman wanda zai aiko ta a mota.

Sai maganar da muka san tana ran kowa, ko da ba a furta ba: zanen abu mai rai. Mu a wannan shafin ba masu ba da fatawa ba ne, wannan na Malam Liman ne da sauran malamanmu. Amma haƙƙinmu ne mu faɗi yadda karatun yake, domin a yi tambaya a kan gaskiyar abu. A yawancin sassan zane, shekarun farko kowa yana taɓa komai. Za a zaunar da mutum a gaban ɗalibai a ce su zana shi, za a ba su yumɓu su gina siffa, sai daga baya kowa ya zaɓi ɓangarensa, wannan yadi, wancan tangaran, wancan zanen kwamfuta. Kenan ko yaron da niyyarsa yadi ce zai iya haɗuwa da wannan a hanya. Kada a ɓoye wa uba, kada kuma yaro ya tarar da shi ba shiri. A nemi jerin darussan sashen, a samu ɗalibi Musulmi da ke ciki a tambaye shi yadda abin yake a makarantarsu, sannan uba da ɗa su je wurin Malam tare. Abin da muka lura shi ne idan an tafi tare, ko wace amsa aka samu, gida yakan zauna lafiya. Idan uba ya je shi kaɗai ya dawo da hukunci, yaro yakan ɗauka an haɗa baki ne.

Yaya za a gane ko yaron da gaske yake? Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya a cikin buhu, sai ya kwance ya gani. Ka ce ya kawo maka abin da ya zana a wata shidan da suka wuce. Mai so na gaskiya za ka tarar da tari, wasu a bayan kalanda, wasu a kwalin taliya. Wanda yake gudun lissafi ne kawai zai kawo biyu ko uku. Sannan ka ba shi aiki: ya tsara maka allon shago, ko tambarin da za a buga a leda, ko ya fitar wa mahaifiyarsa zanen zanin gado. Ka sa masa rana, ka ga ko zai cika. A hutu kuma a kai shi wurin mai ɗab'i ko mai rini ko mai aikin allo ya yi wata guda yana shara yana kallo. Wanda ya jure wannan, to a fara shiri. A saya masa babban littafin zane da fensirori, ya riƙa zana abin da ke gabansa, buta, kwandon tumatir, babur a ƙofar gida, yana sa kwanan wata a kowane shafi. Wasu makarantu suna gwada hannun yaro ko su nemi ganin ayyukansa lokacin tantancewa, kuma ko ba su nema ba, wannan tarin zai yi masa rana. A sama masa wuri a gida inda ƙanne ba za su yaga ba, ruwan damina kuma ba zai taɓa ba.

Batun kuɗi kada mu yaudari juna. Karatun nan yana cin kuɗi fiye da na wanda littafi da biro kawai yake buƙata. Kowane mako akwai takarda, fenti, buroshi, yadi, rini, kuma duk abin da aka yi aiki da shi ya tafi. Mai ɓangaren kwamfuta zai buƙaci laftof mai ɗan ƙarfi. A shekarar ƙarshe akwai babban aiki da baje koli, nan ne iyaye da yawa ke jin jiki. Idan yaro ya bugo waya ya ce kuɗin kayan aiki, ba lallai wayo yake yi ba. A ware wannan daban da kuɗin abinci tun farko. Waɗanda suka shiga makarantun gwamnati suna iya neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu kuɗin ruwa a kansa, amma dai bashi ne, a karanta sharuɗɗansa kafin a sa hannu.

Iyayen 'yan mata su san cewa aikin ɗakin zane yakan kai dare, musamman dab da jarrabawa. Wannan ba dalilin hana ta ba ne, dalilin neman mata ɗaki a cikin makaranta ne da wuri, da kuma sanin waɗanda take aiki tare da su.

Wanda makinsa bai kai na jami'a ba, ƙofa ba ta rufe ba. Difloma ta shekara biyu a foliteknik, ko NCE a kwalejin ilimi, tana iya kai shi aji biyu na jami'a ta hanyar shiga kai-tsaye idan sakamakonsa ya yi kyau. Wasu ma sukan ce hannun 'yan foliteknik ya fi faɗawa, saboda aikinsu ya fi surutunsu yawa. Mu dai mun ga waɗanda suka fara karɓar ƙananan ayyuka tun suna difloma.

Wata tambaya da Alhazanmu ke yi ita ce, to in ya gama wa zai ɗauke shi? Gaskiya aikin gwamnati a wannan fannin kaɗan ne, koyarwa ce ta fi yawa. Mafi yawansu kamfanonin ɗab'i da talla da masaƙu suke yi wa aiki, ko su buɗe nasu. A nan ne ɗan ɗan kasuwa ya fi abokan karatunsa sa'a, in har uban ya yarda ya koya masa abin da ba a koyarwa a aji: yadda ake yanka farashi, yadda ake karɓar kafin alƙalami, yadda ake bin bashi ba a ɓata da mutum ba.

Shi yaron da muka fara da labarinsa zai sake rubutawa bana. Wannan karon mun zauna mu uku da kundin JAMB a waya, uban da kansa ya rubuta darussan a takarda ya ninke ya sa a aljihu, ya ce shi zai raka shi wurin rajista.

In Allah ya kai mu Asabar mai zuwa bayan La'asar za mu zauna a ofishin masallaci domin duk mai son a duba masa sharuɗɗan wata makaranta, ko ta zane ko ta wani fannin. A zo da yaron, da sakamakonsa na makaranta, da takardar NIN, da abin da ya zana in akwai. Iyaye mata za su iya aiko da tambayoyinsu ta hannun malamar Islamiyya kafin ranar Alhamis.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci