Darasi Kan Auna Darajar Birane: Misalin Kafanchan da Kudancin Kaduna

Duk ɗan kasuwar da ke da niyyar buɗe reshe, ko gina sito, ko kafa ƙaramar masana'anta, tambayar farko da ke gabansa ita ce a wane gari zai zuba jarinsa. Masana tattalin arziki suna auna birane da ma'auni biyu. Na farko shi ne muhimmanci, wato yawan hada-hadar da ke ratsa gari da ƙarfin hulɗarsa da sauran garuruwa. Na biyu shi ne daɗin zama, wato yadda mazauna garin ke samun tsaro da asibiti da makaranta da ruwa da wuta. Ba kullum ne ma'aunan biyu ke tafiya tare ba, kuma wanda ya kasa rarrabe su yana iya yin asarar dukiyarsa.

Yadda ake jera biranen duniya

Sashen bincike na kamfanin mujallar The Economist ta Ingila yana fitar da jerin birane bisa daɗin zama a kowace shekara. Yana raba makin gida biyar: zaman lafiya kashi 25 cikin ɗari, al'adu da muhalli kashi 25, kiwon lafiya kashi 20, hanyoyi da ruwa da wuta da gidaje kashi 20, sai ilmi kashi 10. Birnin Viyana na ƙasar Ostiriya ne ya zo na ɗaya a shekarun 2022 da 2023 da 2024, kafin Kofenhagen na ƙasar Danmak ya karɓe matsayin a 2025. A jerin 2023 mai birane 173, Legas ta zo ta 170.

Ta fuskar muhimmanci kuwa, wata cibiyar bincike da aka kafa a Jami'ar Loughborough ta Ingila a 1998 tana duba yawan rassan manyan bankuna da kamfanonin lauyoyi da na akantoci da ke kowane birni. A wannan jeri Landan da Niyok ne ke kan gaba. Legas ma, duk da matsayinta na can ƙasa wajen daɗin zama, ita ce babbar cibiyar kasuwancin Nijeriya, kuma 'yan kasuwa ba su fasa tururuwa zuwa can ba. Ke nan gari na iya zama uwa ma ba da mama ga ciniki, amma zama cikinsa sai mai haƙuri.

Babu wani gari na Jihar Kaduna a jerin daɗin zaman nan, sai dai ana iya ɗaukar ma'aunan a gwada su a gida. A 2021 gwamnatin jihar ta kafa hukumomin kula da birane uku, wato Kaduna da Zariya da Kafanchan, abin da ya nuna yadda ita kanta hukuma ta jera garuruwanta. Kaduna ta samu matsayinta ne daga mulki tun da ta zama hedkwatar Arewa a 1917, sannan masaƙu da matatar mai ta 1980 suka ƙara mata nauyi. Zariya tsohon birni ne mai sarauta da ilmi, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Ita kuwa Kafanchan, jirgin ƙasa ne ya ɗaga ta.

Yadda reluwe ta gina gari

Kafanchan ƙasar al'ummar Fantswam ce, kuma kafin zuwan reluwe ba ta cikin manyan garuruwan ciniki. A wajejen 1927 layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi, ya iso garin ya zarce Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos domin kwasar kuza. Da aka kammala layin da ya bi ta Bauchi da Gwambe zuwa Maiduguri a 1964, sai ya kasance duk jirgin da ya ɗauko kaya daga arewa maso gabas zuwa bakin teku tilas ya ratsa Kafanchan.

Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga ƙabilu daban-daban, Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauransu, suka yi ta sauka a garin. Kamfanonin sayen amfanin gona suka buɗe rassa, aka kuma dawo da mazaunin Masarautar Jama'a zuwa garin. Cikin shekaru kaɗan Kafanchan ta wuce garuruwan da suka girme ta.

Amma abin da hanya ta kawo, hanya na iya ɗauke shi. Daga shekarun 1980 harkar jirgin ƙasa ta yi ta ja da baya, manyan motoci suka karɓe dakon kaya, su kuwa motoci ba dole ne su biyo ta Kafanchan ba. Sabon layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yuli na 2016 ya bi ta Jere ne, can yamma da garin. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma makomar wannan aiki na daga cikin abubuwan da za su tantance matsayin garin nan gaba.

Abin da ke riƙe da garin

Duk da raunin reluwe, Kafanchan ta ci gaba da zama babbar kasuwar ƙananan hukumomi takwas na mazaɓar dattawa ta Kaduna ta Kudu, wato Jama'a da Jaba da Kachia da Kagarko da Kaura da Kauru da Sanga da Zangon Kataf. Hanyoyin mota sun haɗa ta da Kaduna ta Zonkwa da Kachia, da Abuja ta Kwoi da Keffi, da kuma Jos. Komawar babban birnin tarayya zuwa Abuja a watan Disamba na 1991 ta samar wa yankin babbar kasuwar kayan abinci a kusa.

Sai dai mai cinikin citta zai ga jerin ya sauya. Kachia da Jaba da Kagarko su ne zuciyar noman citta a Nijeriya, don haka ga dillalin da ke tara busasshiyar citta domin fitarwa ƙasashen waje, Kachia ko Kwoi na iya fin Kafanchan amfani. Cutar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023 ta kuma nuna haɗarin garin da ya dogara da amfanin gona guda, domin da citta ta lalace, cinikin mai shago da na direba da na ɗan dako duk sun ji a jika.

Ta fuskar daɗin zama, Kafanchan na da abin nunawa. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, da makarantar koyon aikin jinya, da Kwalejin Ilmi a Gidan Waya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mai da babban asibitin garin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ta kuma kafa jami'ar tarayya a Kachia. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga duwatsun Kagoro da magangarar ruwa ta Matsirga a kusa.

Babban abin da ke rage wa yankin maki shi ne wanda aka ba kashi ɗaya bisa huɗu a ma'aunin duniya, wato zaman lafiya. Rikicin watan Maris na 1987 daga Kafanchan ya faro. Na Zangon Kataf a 1992 ya samo asali ne daga saɓani kan sauya wa kasuwa mazauni. A rikicin bayan zaɓe na watan Afrilun 2011 an ƙone babbar kasuwar Kafanchan, 'yan kasuwa Musulmi da Kirista suka yi asarar jarin da suka daɗe suna tarawa. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyuka da kan hanyoyi a shekarun da suka biyo baya sun ƙara tsadar sufuri. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki, kuma a littafin ɗan kasuwa yana da farashi kamar kuɗin haya da na mota.

Abin lura ga mai zuba jari

Na farko, kada a ɗauki yawan jama'a kaɗai a matsayin ma'auni, musamman da yake ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce. Yawan motocin kaya da ke shiga gari ran kasuwa, da yawan rassan bankuna, da kuɗin hayar shago, sun fi bayyana ƙarfin ciniki.

Na biyu, a binciki tushen muhimmancin garin. Idan hanya guda ce ko amfanin gona guda, to a yi tanadin ranar da za su gaza.

Na uku, a sanya daɗin zama cikin lissafi. Ƙwararren ma'aikaci ba ya daɗewa a inda babu asibiti da makarantar 'ya'yansa, injin niƙa kuma ba ya kawo riba a inda kuɗin man janareta ke cinye ciniki.

Na huɗu, kowace sana'a da nata jerin. Mai kantin magani ko otal ko kamfanin sufuri zai sa Kafanchan a gaba a duk faɗin kudancin jihar, mai citta zai fara da Kachia da Kwoi, mai neman kwangilar gwamnati kuma Kaduna zai nufa. Ya kamata ɗan kasuwa ya rubuta ma'aunan da suka shafi hajarsa, ya ba kowanne maki gwargwadon nauyinsa, ya kuma taka da ƙafarsa ya ga garin kafin ya biya kuɗin fili.