Filin Shawarwari: Mu Sayi Manhajar da za ta Riƙa Ƙirga Lokacin Ma'aikatan Majami'armu?

 Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma sakataren kwamitin dattawa a wata majami'a da ke Talata Mafara. Muna da ma'aikata tara da muke biya daga baiko da zakkar masu bi: fasto, mai bishara da ke zagaya 'yan'uwanmu na wajen Bakura da Maradun, magatakarda, masu gadi biyu, mai shara, da malamai uku na 'yar makarantar yara da muka buɗe.

Abin da ya dame mu shi ne rashin zuwa aiki kan lokaci, musamman da rani. Da zarar an saki ruwan Bakolori a kanal, sai ka tarar da aji ba malami har hantsi, yara na ta guje-guje, shi kuwa malamin ya iso da taɓo a ƙafar wando. Ranar Talata kam ba a magana, kowa ya yi kasuwa. Wani matashinmu da ya gama kwalejin kimiyya ta Abdu Gusau ya kawo shawarar mu sayi manhajar waya da na'urar dangwala yatsa, ta riƙa rubuta lokacin shigar kowa da fitarsa, har ta nuna inda mutum yake, wanda ya makara a yanke masa albashi. Tun da aka yi maganar, babban maigadinmu ya daina amsa gaisuwata sosai, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da za a ɗauki yatsansa. Fasto bai ce uffan ba. Ba zan ɓoye maka ba, mu ma albashin kan yi jinkiri, wani lokaci wata ya shiga wata. Mu saya ne, ko mu bari?

Wani dattijo, daga Talata Mafara

Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara girma. Amsata ita ce kada ku saya yanzu, kuma ko nan gaba kun saya, ba don mutum tara ɗin duka ba.

Zan fara da maganar da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka, domin nan gizo ke saƙa. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Malamin da bai san ranar da albashinsa zai fito ba, 'yar gonar shinkafarsa ce ke ciyar da iyalinsa, ba majami'a ba. Ka fi ni sanin yadda noman rani yake a wajenku. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 rayuwar Mafara da Bakura da Maradun take bin ruwan nan, kuma ruwan kanal ba ya jiran a tashi makaranta. Ranar da layi ya zo kanka, ko ka je ka buɗe wa fangalinka, ko ka ga shuka ta yi yaushi. In kun kafa na'ura a ƙofa alhali albashi na makara, abin da za ta rubuta muku kullum shi ne abin da kuka riga kuka sani, sai dai ta ƙara muku gaba da mutanenku.

Batun yankan albashi kuwa, ku yi hattara. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 5, ta hana mai aiki cire wa ma'aikaci kuɗi da sunan tara yadda ya ga dama. Sashe na 7 kuma ya wajabta a ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikinsa, da albashinsa, da sa'o'in aikinsa. Ina tambaya, Baba: cikin taran nan, wa aka taɓa ba wannan takarda? A wuraren ibada da dama, coci ne ko masallaci ko Islamiyya, da baki ake ɗaukar mutum, a ce masa aikin Allah ne, daga baya a zo ana neman ya cika sa'o'in da ba a taɓa faɗa masa ba. Wannan al'ada tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mafi rauni take cutarwa, mai shara da maigadi.

Sannan ayyukan nan ba iri ɗaya ba ne. Malamin aji da maigadi da magatakarda, aikinsu na da lokacin farawa da na tashi, ana iya ƙirga shi. Fasto fa? An buga masa ƙofa da tsakar dare mace na naƙuda, ya kwana a asibiti, gari ya waye ya wuce jana'iza, da yamma ya zauna sulhun mata da miji. A wane gurbi manhaja za ta sa wannan? Shirun da ya yi, ina jin amsa ce. Shi da mai bishara rahoto za su riƙa kawo wa dattawa duk wata: gidajen da aka ziyarta, marasa lafiyar da aka duba, ƙauyukan da aka isa da waɗanda hanya ta hana.

Akwai abin da ya fi waɗannan tayar mini da hankali, wato nuna inda mutum yake. A yankin da masu garkuwa da mutane ke aiki da masu kai musu rahoto, bayanin da ke nuna ranar da mai bishara ke bin hanyar Maradun, da sa'ar da maigadi ɗaya ya tashi kafin ɗayan ya iso, ba abin ajiyewa a wayar kowa ba ne. Waya kan ɓata, akan sace ta, akan ba da aronta. Wannan kaɗai ya isa ku rufe maganar bin sawu. Shi ma hoton yatsa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa shi cikin bayanai masu tsananin sirri, ba a tara shi sakaka. Maigadinku na da hujja, ko da bai san dokar ba.

Ku tuna kuma da watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya aka yi makonni ba sabis. Manhajar da sai da intanet take aiki, a irin wannan hali ta zama hoto. Da yawan manhajojin nan kuma kuɗin wata-wata ake biya, da dala, kan kowane ma'aikaci. Ƙara da kuɗin data da caji, tunda wuta sai ta ga dama. Kuɗin nan gara su tafi ga cike giɓin albashi.

Abin da zan ba ku shawara shi ne ku fara da maigadi. Ka je har gidansa, kai da wani dattijo, ka ba shi haƙuri, ka gaya masa an janye maganar yatsa. Bayan haka a zauna da kowa a rubuta masa sa'o'insa, har da ranar hutu ɗaya a mako, wadda ita ma doka ta tanada, tunda Lahadi a wajenku ranar aiki ce. A tsara jadawalin rani daban: wanda layin ruwansa ya zo ya faɗa tun jiya, abokin aikinsa ya riƙe masa aji, ya rama masa wata rana. Talata a yi karɓa-karɓa, ko a tashi da wuri. Ku kuma dattawa ku sa wa kanku ranar biya, ku rubuta ta a takarda guda da sa'o'in.

Don ƙirgen, babban littafin rajista da biro sun wadatar da mutum bakwai. A ajiye shi a teburin magatakarda, kowa ya sa hannu da lokacin isowarsa, ƙarfe takwas da kwata a ja layi da jan biro. Wanda sunansa ya yawaita ƙarƙashin layin bayan an cika masa alkawari, a kira shi a keɓe, in ya ƙi ji a ba shi gargaɗi a rubuce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma iyayen yaran nan kuɗinsu suke biya.

Kada ku kashe wa matashin nan gwiwa, niyyarsa mai kyau ce. Ku ba shi aikin kwashe abin da ke cikin rajistar zuwa kwamfuta duk ƙarshen wata, ya fitar wa kwamiti lissafi. In makarantar ta bunƙasa malamai suka yi yawa, sai ya nemo manhajar da ke aiki ba intanet, a waya ɗaya da ke zaune a ofis, wadda kowa zai shiga da lambarsa ta sirri. Ku gwada rajistar zango ɗaya tukuna, ka rubuto mini yadda aka kwashe da ranakun Talata.